Ciniki Ranar Talata

An kira ni ofis ina tsakiyar kwance igiyar takalmi,
ƙafa ɗaya a sake, ɗaya a ɗaure.
Koci Brannigan bai ce in zauna ba.
Ya ce, "Orest, an yi ciniki." Ya duba agogo.
Na ce, "Da wa aka musanya ni?"
Ya ce, "Ba kowa tukuna. Sai gaba za su biya."
Ashe har mutum ana bayarwa bashi,
kamar sukari a kantin bakin layi.

Tsoho Wendell mai kula da kaya
ya ɓare sunana daga jikin kabad da farcensa,
a hankali, don kada fenti ya tashi.
Ya cusa mini sanduna uku da ba a rubuta a littafi ba.
"Ban gan ka ba, ba ka gan ni ba."

Awa sha huɗu daga Ohio zuwa Dakota.
Sulken ƙafafuna na zaune a kujerar gaba,
har bel na ɗaura musu,
suna warin kaka biyu ta wahala.
Kwalkwalina na baya, da koriyar yanyawa a goshinsa.
Da kuɗina aka zana ta, dala ɗari takwas.
Gobe farin tef zai rufe mata baki,
can shuɗi suke sawa.

Na yi lissafi tsakanin gidan mai da gidan mai.
Cikin harbi ɗari, casa'in da ɗaya nake tarewa,
da ƙirji, da gwiwa, wani lokaci da maƙogwaro.
Taran da suka wuce
su ne kawai ke da suna a bakin mutane.

Gola biyu ne a gabana can.
Akwai Aatos, yaro daga Finland, shekara ashirin da ɗaya,
dogo kamar falwaya, manyan sama sun zuba kuɗi a kansa,
ko ya sha shida sai a ce koyo yake.
Akwai Delvecchio, talatin da huɗu,
ƙugunsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa.
Ni kuwa ashirin da bakwai:
na wuce a kira ni mai tasowa,
ban kai a tausaya mini ba.
Rabona yana cikin ƙugun wani bawan Allah,
kuma na tsani kaina da na san haka.

Baba ya bugo daga Saskatchewan wajen ƙarfe biyun dare.
Shi ne mai kwarara ruwa a bayan gida duk hunturu
har yatsunsa su daskare a kan tiyo,
don in samu inda zan faɗi.
Ya ce, "Wanda ya saya, so yake."
Na ce, "Wanda ya sayar fa?"
Sai na ji yana hura shayi.
Can ya ce mijin Halyna na neman mai sayar da tarakta,
ba wai yana cewa komai ba ne,
faɗa kawai yake.

Na iso da asuba. Ƙofar baya a buɗe.
Motar goge ƙanƙara na zagaye ita kaɗai,
direban ya ɗaga mini yatsu biyu, bai tambayi sunana ba.
Na shirya a ɗakin da ban san inda makunnin fitila yake ba.

Na sulala zuwa raga.
Na kankare gabanta da kaifin takalmi, hagu, dama, hagu,
na ƙwanƙwasa ƙarfen nan da sanda, na ƙwanƙwasa wancan.
Ƙafa shida ce faɗinta,
kamar ta Ohio, kamar ta bayan gidanmu.
Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.
Na durƙusa. Gwiwa ta yi ƙara.
Wani yaro mai shuɗiyar riga ya zube bokitin faya-fayai a tsakiya,
ya ƙwalla, "Kai ne sabon?"
Na ce, "Harbo."